Yau na shiga gidan da aka binne Dali a Figueres

Jama'a assalamu alaikum, yau muna Figueres, wani karamin gari a yankin Kataloniya na kasar Sifaniya dab da bodar Faransa, jirgin kasa na hawo daga Barcelona. Kun ga jan ginin can da aka jera masa manya-manyan kwai a sama? Gidan tarihin Salvador Dali ke nan, mai zanen nan mai murdadden gashin baki da ya zana agoguna suna narkewa. Da can gidan wasan kwaikwayo ne na garin, ya kone a 1939 karshen yakin basasarsu, Dali da kansa ya tsara yadda aka farfado da shi aka bude a 1974.

Daga shiga tsakar gida ga wata bakar Cadillac, in ka jefa kwandala sai ruwa ya fara zuba a cikin motar, kowa sai dariya yake ana ta hoto. Ni kuwa karshen mutumin nan ne ya tsaya min a rai.

Matarsa Gala yar Rasha ce, ita ke rike da kudinsa da cinikinsa da komai nasa. Ya saya mata wani tsohon gidan sarauta a kauyen Pubol amma wai shi mijin ba ya zuwa sai ta aika masa da takardar gayyata, ku ji fa. Wajen 1980 hannunsa na dama ya fara rawa, mutumin da duk rayuwarsa da hannun nan ya ci abinci. A watan Yunin 1982 Gala ta rasu, shi ke nan sai ya karye, ya koma Pubol ya kulle kansa ya ki cin abinci, a shekarar ne ma sarkin Sifaniya na lokacin Juan Carlos ya ba shi sarauta amma ina, ba ta tsinana masa komai ba. Zanensa na karshe a 1983 ya yi shi, 1984 kuma gobara ta tashi a dakin kwanansa ya kone sosai, aka dawo da shi wannan hasumiyar mai kwai, ta robar hanci ake ba shi abinci har ya mutu ranar 23 ga Janairu 1989 yana da shekara 84.

To ku dubi kasan nan da kyau. Wannan shimfidadden dutsen da ba rubutu a kai, kabarin yana karkashinsa, mutane na takawa suna daga kai suna kallon rufin gilashi ba su ma sani ba. A Pubol kabari biyu aka gina, Gala na cikin daya, dayan har yau ba kowa, don magajin garin Figueres na lokacin ya ce Dali ya fada masa a karshe nan yake so a sa shi. A 2017 kuma kotu ta sa aka tono shi saboda wata mata ta ce mahaifinta ne, gwaji ya nuna ba haka ba ne. Wallahi abin ya dame ni, jaridu kuma gashin bakin da aka tarar bai lalace ba shi suka fi yayatawa.

Dali bai haihu ba, dukiyarsa duka gwamnatin Sifaniya ya yi wa wasiyya. Laifinsa ma yana nan, ya yabi Franco, shugaban mulkin kama-karya na Sifaniya, a fili, sannan son kudi ya sa ya rika sa hannu a fararen takardu dubbai tun kafin a buga komai a kai, shi ya sa jabun hotunansa suka cika kasuwa, in wani ya kawo maka Dali da araha ka yi hattara. Amma hannun kam akwai shi, akwai wani karamin zanen kwandon burodi na 1945 a ciki, na dade a gabansa, har tsagar bawon burodin kana gani. Ku biyo ni mu je dakin da yake, sai dai zan rage murya don cike yake da mutane.