Jawabin maraba ga Farfesa, shugaban masu zana taswirar teku, a ziyararsa ga masu sana'ar kifi na Legas

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Farfesa, sannu da zuwa, sannu da hanya, kai da tawagarka duka. Sarkin Hausawa da dattawanmu sun ce in yi magana a madadin kowa, to ga ni.

Mu dai ƴan kasuwa ne, kifi muke saya mu sayar, wasunmu sun fi shekara talatin a nan amma gaskiya ba mu taɓa ganin tekun nan a takarda ba sai da yaranka suka buɗe mana kwamfuta jiya. Sun nuna mana taswirar da wani masanin teku, Benjamin Halpern, da abokan aikinsa suka fitar a 2008, inda suka ɗauko ayyukan ɗan Adam iri 17, su kamun kifi da zirga-zirgar jiragen ruwa da dattin da koguna ke kwasowa da ɗumamar ruwa, suka ɗora su ɗaya kan ɗaya, sai ga shi sama da kashi 40 cikin ɗari na tekunan duniya sun ji jiki sosai, kuma babu inda hannun mutum bai kai ba. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Abin da ya kama ni shi ne ɗorawar nan. Mai haƙar yashi a lagun, wato tafkin nan na Legas da ya haɗu da teku, zai ce nasa kaɗan ne, mai babban jirgi da ke jan raga har ƙasan ruwa ya ce nasa kaɗan ne, jiragen Apapa haka, man da ke malala a Neja Delta haka, kowa da gaskiyarsa, amma kifin guda ne yake shan dukan nan gaba ɗaya. Mu a kwando muke gani, kifin shawa ya ƙanƙance, masuntan Makoko da Epe su kwana a ruwa su dawo da abin da bai biya kuɗin fetur ba, mu kuma mu koma kan kifin ƙanƙara na waje.

Kuma kar mu ce laifin ƴan kudu ne kaɗai, ledar da aka yar a Yauri ko Lokoja kogin Kwara ne ke kawo ta teku.

Roƙonmu biyu ne ranka ya daɗe. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, tauraron ɗan Adam ba zai gaya maka inda kifi ke zuba ƙwai ba, masunta ne suka sani, don Allah a zauna da su a sa saninsu a cikin taswirar da kuke zanawa. In an gama kuma a dawo mana da taswirar da Hausa da Yarabanci da Egun, a manna a kasuwa, kar ta tsaya a ofis a Victoria Island.

Ga ruwa ga kifi an gasa, bismillah, Allah ya mai da ku gida lafiya.