Anini Ba Ya Biyan Hayar Zaure

An rubuto wannan lacca ne daga faifan da aka naɗa a wani zaman masu sha'awar tarihi a Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da ke sahun gaba, da malamaina, da 'yan'uwa maza da mata, da kuma ɗaliban da na hango sun zaɓi kujerun da ke kusa da ƙofa, ina kyautata zaton don shan iska ne ba don sauƙin sulalewa ba. (Dariya.) An nemi in yi magana a kan ko taron baje kolin tsofaffin kuɗi zai iya ɗorewa a manyan birane masu tsadar rayuwa, kuma na kasa maganar gida huɗu: lissafin taron, abin da ya faru a ƙasashen da suka riga mu, irin kayan da ke hannunmu, sannan inda ya dace mu kafa namu.

Na farko, lissafi. Irin wannan taro kasuwa ce ta kwana biyu ko uku, inda mai shiryawa yake kama hayar zaure, ya yanka shi tebur-tebur, ya ba dillalai haya, kuma kuɗin teburan nan ne ke ɗauke da nauyin taron, domin abin da ake karɓa a bakin ƙofa bai taka kara ya karya ba. Shi kuma dillali, tun kafin ya kwance jakarsa ya riga ya ci bashin kansa: ga kuɗin tebur, ga na mota ko jirgi, ga masauki da abinci, ga kuma fargabar ɗaukar dukiya mai ƙaramin jiki da za ta shige aljihun ɓarawo ba tare da an ji motsi ba. Duk wannan daga riba zai fito, ba daga ciniki ba, kuma 'yan kasuwar da ke cikinmu sun san nisan da ke tsakanin kalmomin nan biyu.

Na biyu zan bi shi da sauri. A Amurka akwai babban taron da ake yi a Niyok kowane watan Janairu. Da can a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya yake ci, bayan harin 2001 ya koma otal ɗin Waldorf Astoria, da aka rufe wannan otal a 2017 don gyara sai ya sake ɗaukar kayansa, kuma har yau yana ci. Abin da ya riƙe shi shi ne manyan gwanjon da ake yi a makon, da kayan da guda ɗaya ke biyan hayar bene sukutum. A birnin ne aka sayar da wata kwandalar zinari ta 1933 a kan dalar Amurka miliyan 18.9 a shekarar 2021. Amma ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi ta Amurka, wadda aka kafa tun 1891, ta sha kai babban taronta na shekara Rosemont, wani ɗan gari da ke gefen filin jirgin saman Shikago, inda baƙo zai sauka ya isa zaure ba tare da ya kutsa tsakiyar birni ba. Jamusawa suna nasu a Balin, Ingilishi suna nasu a Landan, kowanne da irin manyan 'yan kasuwar da ke tallafe da shi. Wato babban birni yana iya riƙe taro, amma sai taron da kayansa suka kai nauyin birnin.

To mu me muke da shi? Bari in ciro wani abu daga aljihu. Na baya ba za ku gan shi ba, don haka ku miƙa shi hannu-hannu, amma ina roƙon ya dawo. (Dariya.) Wannan shi ne anini. Yaran yanzu suna jin ana cewa wane ba shi da ko anini, suna kuma jin an ce soja ko ɗan sanda ya sami anini a kafaɗa, amma da yawansu ba su taɓa riƙe shi ba. Anini goma ke yin kwabo, kwabo goma sha biyu ke yin sule, sule ashirin ke yin fam, saboda haka sai ka tara anini 2,400 kafin ka ce kana da fam guda. Tsakanin kwabo da sule kuma akwai taro da sisi, a ƙasan kwabo akwai ɗari, a saman sule akwai fataka, wadda wasu ke kira dala.

Me ya sa Bature ya wahalar da kansa wajen buga kuɗi ƙanƙane haka? Saboda ya tarar da mu da wuri, kuma wuri yana sayen abin da kwabo ya yi wa girma. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldives da gaɓar Zanzibar ake kwaso shi, ya ratso teku da sahara har ya iso kasuwannin daular nan, kuma lokacin da Barth, Baturen Jamus mai yawon bincike, ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Mai son gishirin miya ko ɗan ɓarin goro ba ya bukatar kwabo, wuri kaɗan yake bukata. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka hana shigo da wuri, amma suka ga dole su kawo abin da zai zauna a gurbinsa, shi ne a 1907 aka fito da anini. Na farkon da sanholo aka yi shi, wato alminiyam, kuma yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa bugawa a duniya. Ku sake ji: cikin na farko a duniya, kuma don kasuwanninmu aka buga shi. Bai jure gumi da damina ba, sai aka sauya masa ƙarfe.

Wanda yake hannunsa yanzu ya duba da kyau. Akwai huda a tsakiya, domin mutanen da suka saba zura wuri a zare su sami inda za su zura. Akwai tauraro mai tsini shida a baya. Akwai kuma rubutun Larabci a gaba, domin masu bugawa sun san da wane harafi mutanen ƙasar nan suke karatu. Hudar nan kuwa, wadda aka yi saboda zaren kakanninmu, ita ce ta jawo abin da ya fi burge ni a duk tarihin kuɗin ƙasar nan. Malam, karanta mana shekarar. 1936, madalla. A watan Janairun shekarar nan Edward na 8 ya hau sarautar Ingila, a watan Disamba ya yi murabus saboda matar da ya nace sai ya aura. Kafin a gama shirya kuɗi mai ɗauke da hoton kansa ya riga ya sauka, don haka a Ingila kanta ba a taɓa kashe kuɗi da sunansa a kasuwa ba. Mu kuwa namu ba ya bukatar hoton kai, tunda huda ta cinye wurin, suna kawai ake sauyawa, saboda haka aka buga kwabo da ɗari da anini da sunansa aka turo mana. Sarkin da mutanensa ba su sayi burodi da kuɗinsa ba, iyayenmu sun sayi ƙosai da shi. 'Yan ƙwayoyin gwaji da aka buga masa a can, ɗaya ta zinari an sayar da ita fam miliyan 1 a 2020. Wannan da ke yawo a hannunku kuwa an buga irinsa da yawan gaske, kuma kuɗinsa a wurin dillalai bai fi na kwanon abinci ba. Sarki ɗaya, zamani ɗaya, amma wancan zai biya hayar zaure a Landan, wannan ko kuɗin ajiye mota ba zai biya ba. Ina aninin ya kai? To, a ci gaba da miƙawa.

Na uku ke nan, ko na huɗu? Shugaban zama yana nuna mini agogo, don haka bari in haɗe su. Sauran kayanmu duk danginsa ne: sulallan Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912, kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959, da kwabban da suka zo tare da naira ranar 1 ga Janairun 1973, har da kwabo ashirin da biyar mai hoton dalar gyaɗa. Kaya ne masu nauyin tarihi, marasa nauyin farashi. Ni da abokaina mun taɓa zuwa wani otal a Abuja neman zaure, aka karanto mana haya, aka ce man janareta daban, masu gadi daban, kuma ba a shigo da abinci daga waje. Muka zauna a mota muka raba jimlar a kan teburan da muke sa rai, sai muka ga ko kowane dillali ya sayar da duk abin da ya zo da shi har da jakar, ba zai mayar da kuɗin teburinsa ba. Muka sha ruwan leda muka kamo hanyar gida. Abuja tana da gidan tarihin kuɗi na Babban Banki, kuma duk wanda ya je ya leƙa, amma kallo daban, kasuwa daban. A kuma riƙa tunawa cewa sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana cinikin takardun naira da tsabarta, saboda haka mai shirya taro ya san abin da zai bari a ɗora a tebur.

Ra'ayina shi ne mu fara a nan. Kayan ba a Legas suke ba, suna cikin adudun kakanninmu da gwangwanayen da ke ƙarƙashin gado a Gwadabawa da Wurno da Tambuwal. Ɗakin taron makaranta ya ishe mu, baƙo zai kwana gidan ɗan'uwa, ga Illela kusa, mutanen Ƙonni za su zo da tsofaffin tsabar sefa, su da har gobe suke lissafi da dala. Ga kuma Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da za a nemi shawararsu. Na ga hannu a ɓangaren mata. Bismillah, Hajiya.

(Wata dattijuwa ta ce ta gaji dala huɗu na azurfa daga kakarta, jikanta ya karanta mata 1780 a jikinsu, ta kuma wanke biyu da toka da lemun tsami har suna ƙyalli. Tana tambaya ko a kai su Abuja.)

Inna, Allah shi ba ki lafiya, amma don Allah ki bar sauran biyun yadda suke. Wanki yana kankare fuskar kuɗi, kuma masu saye sun fi son baƙin da shekaru suka sa masa a kan ƙyallin toka. Abin da ke hannunki dalar Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Barno da nan ƙasar Hausa ba su yarda da wata dala ba sai mai hoton matar nan, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba a sauyawa, har a Landan da Rum da Bombay, kuma a Ostiriya ana buga ta har yanzu. Don haka 1780 ba ta nuna ranar haihuwar taki ba, kuma yawanci farashinta yana bin farashin azurfar da ke cikinta ne, da ɗan ƙari. Ta gaskiya tana da nauyin giram 28, kuma akwai rubutu a kewayen bakinta. Ki aiki jikan nan naki wurin maƙerin farfaru ya aza ta a sikeli, amma ya tsaya a kansa, kada ya bari a kai ta kusa da wuta, domin da yawan 'yan'uwanta zobba da warwaro suka koma. Akwai wadda aka liƙa wa kunne don ratayawa? Biyu? To waɗannan farashinsu ya ragu a wurin dillali, sai dai ni su na fi son gani, domin sun nuna an yi ado da su a wuyan wata. Kuɗin motar Abuja da dawowa zai cinye abin da za a ba ki. Ki naɗe kowace a ƙyallenta daban don kada su goge juna, in an tashi kuma jikan ya tsaya in nuna masa inda ake duba rubutun bakin. Wa ke riƙe da aninina?