A Daina Ƙirga Ƙungiyoyi, A Leƙa Cikinsu

Jama'a masu sauraro, akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu ba da tallafi da masu shirya taruka: wai duk inda ƙungiyoyin sa-kai suka yawaita, dimokuraɗiyya ta zauna da gindinta. Sai a ɗauko rajista a ƙirga sunaye, a ce an ci gaba. Haba! Ƙidaya kaɗai masana zamantakewa suka koya mana?

Gaskiya ne, Alexis de Tocqueville, Bafaranshen da ya zaga Amurka a 1831, ya yaba yadda mutanen can ke kafa ƙungiya kan kowace buƙata ba tare da jiran gwamnati ba. Robert Putnam, masanin siyasa ɗan Amurka, shi ma a 2000 ya koka kan yadda Amurkawa ke janye jiki daga ƙungiyoyi. Amma shi Putnam ɗin ya bambanta ƙungiyar da ke haɗa mutane daban-daban da wadda ke killace 'yan gida ɗaya. Nan ne ake tsallakewa.

Jamus ta zamanin Weimar, wato jamhuriyar da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, cike take da ƙungiyoyi, na mawaƙa, na wasanni, na tsofaffin sojoji. Sun hana Hitler hawa mulki a 1933? Masaniyar siyasa Sheri Berman ta nuna a 1997 cewa ta cikinsu ma 'yan Nazi suka bi suka tara magoya baya.

Tun 1911 kuwa masanin zamantakewa Robert Michels ya leƙa cikin SPD, jam'iyyar ma'aikata ta Jamus, mai rajin daidaito, ya tarar da iko ya tattara a hannun 'yan tsiraru, domin su ke riƙe da takardu da asusu, su ke da lokacin zama. Sauran mambobi sai biyan kuɗin wata da tafi.

Za a ce ai ko lalatacciyar ƙungiya ta fi babu. Ban yarda ba. Wanda ya shekara yana kallon shugaba na cin karensa ba babbaka, ba mai cewa uffan, shiru ya koya, kuma da shirun zai tafi rumfar zaɓe.

Don haka a leƙa ciki. Yaushe aka yi zaɓen ƙarshe? Wa ke binciken asusu? Ƙaramin mamba zai iya miƙewa a taro ya tambayi ma'aji inda kuɗi suka shiga, kuma gobe a bar shi ya dawo? Mai ba da tallafin da bai yi waɗannan tambayoyi ba, ya daina kawo mana jerin sunaye.