Jawabi kan Asusun Bogi a Shafukan Sada Zumunta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa baki ɗaya, ina godiya da damar da aka ba ni.

A watan jiya an sanya wani roƙo a zaurenmu na Facebook, ana neman taimako don wata marainiya da aka ce tana kwance a wani asibiti can gida. Kafin a jima sunaye kusan arba'in sun yi tsokaci a ƙarƙashinsa. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar addu'arsu guda ce, har kuskuren rubutun ma guda ne, kuma babu wanda ya san ko ɗaya daga cikinsu. Wani ne ya sa manhajar kwamfuta ta buɗe su, tana magana da bakinsu. Kafin a ankara, ɗaya daga cikin iyayenmu ta tura kuɗin da ta tara don kayan azumin danginta, saboda ta ga kamar jama'a sun shaida.

Kamfanonin shafukan sada zumunta suna yin sharar irin waɗannan asusun bogi, wannan gaskiya ne, domin Facebook ya ce ya rufe asusun bogi biliyan 2.2 a watanni uku na farkon 2019. Amma abincinsu daga talla yake fitowa, kuma mai talla yawan jama'a da yawan hayaniya yake biya, don haka duk asusun da aka goge raguwa ce a hajar da suke sayarwa. A Yulin 2018, lokacin da Twitter ke tsaftace dandalinsa, ya sanar cewa masu amfani da shi sun ragu da miliyan ɗaya, sai darajar hannun jarinsa ta faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari a rana guda. A ganina, tun daga nan kowane kamfani ya gane cewa shara mai zurfi tana taɓa aljihu. Ko a 2022, da Elon Musk ya yi ta jayayya da iƙirarin Twitter cewa na bogi ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, a kan cinikin sayen kamfanin na dala biliyan 44 ake rigimar, kuma bayan ya saya ma ba su gushe ba.

Abin ya shafe mu kai tsaye, mu da jikinmu yana nan amma hankalinmu yana gida, kuma ta waya muke jin labarin zaɓe da na rikici. A Mayun 2019 Facebook ya rufe asusu da shafuka 265 masu alaƙa da kamfanin Archimedes na Isra'ila, waɗanda ke shigar burtu suna tsoma baki a siyasar ƙasashe da suka haɗa da Najeriya da Nijar.

Saboda haka ina roƙon shugabanni su amince kada a shigar da kowa zaurenmu sai wani memba ya tsaya masa, kuma kada a yaɗa neman taimako sai ma'aji ya yi magana da iyalan ta waya. Na gode, wassalamu alaikum.