Fada ya koma gida: ziyarata gidan tsofaffin limaman mishan a Ailan

Jama'a barkanmu da yamma. Iyayena, yayyena da ƙannena, Musulminmu da Kiristanmu, tunda yawancinmu nan benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan, bulala ɗaya muka sha, ba sai na tsaya dogon gabatarwa ba. Na baya kuna ji na? To madalla.

An ce in zo in ba da labarin Fada, tunda Allah ya sa ni na je na ganshi da idona a ƙasarsu. Ba zan kama sunansa ba saboda ana ɗauka a waya kuma shi mutum ne da ba ya son a riƙa yawo da shi, amma duk wanda ya taɓa makara asambule da safe ya san wa nake nufi. (dariya)

Bari in ɗan koma baya saboda yaran da ke nan. Ƙungiyarsu ta limaman mishan masu aiki a Afirka, wadda muke ce wa SMA, a birnin Lyon na Faransa aka kafa ta a 1856, wanda ya kafa ta Bishop de Brésillac ko shekara uku bai cika ba ya rasu a Freetown ta Saliyo a 1859, ciwon shawara ne ya kashe shi makonni kaɗan da saukarsa. Nan Arewa kuwa a Shendam suka fara kafa mishan a 1907, daga baya aikin ya koma hannun 'yan Ailan, shi yasa in ka duba Kaduna Archbishop na farko John McCarthy ne sai a 1975 Peter Jatau ya gaje shi, Jos ma John Reddington ne kafin Gabriel Ganaka. Kwalejin Rimi da kuke gani a Kaduna ai St John's ce kafin gwamnati ta karɓe makarantu. To Fada namu cikin wannan jerin yake, ya zo tun kafin yaƙin basasa yana saurayi, jirgin ruwa ya hau daga Liverpool wajen sati biyu a kan teku kafin Apapa, daga nan jirgin ƙasa, aka ajiye shi ya koyi Hausa sannan aka ba shi babur aka ce ga ƙauyuka nan. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi a cikinmu.

Da ƙafa ta fara ƙi, ido ya fara hazo, shugabanninsu suka ce ya isa haka a dawo gida. Su kuma mutane ne masu alkawarin biyayya, in an ce tashi ba a cewa sai na yi shawara. Yanzu yana gidansu na Blackrock Road a birnin Cork, kudancin Ailan, kuma dalilin da ya sa ya so can ɗin shine ƙanwarsa tana nan kusa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota.

Ni fa da zan tafi da fushi na tafi, gaskiya zan faɗa maku. Abin da ke raina shine abin da ke ran kowa a nan, wai Turawa ba su san darajar tsoho ba, da mutum ya gaji sai a kwashe shi a kai gidan gajiyayyu a rufe ƙofa. Ina ta shirya maganar da zan yaɓa wa danginsa. Amma ku tsaya mu yi lissafi, mutumin nan bai yi aure ba, dokar aikinsa ce, ba ɗa ba jika, ba shi da gida ko na kwano ɗaya a duniyar nan, iyayensa sun daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa ma yana nan wajenmu ta rasu sai saƙo ya samu, ƙanwar da ake magana ita ma ta haura tamanin da sanda take tafiya, to ita ce za ta ɗaga shi ta kai shi banɗaki da tsakar dare? Da na ga haka sai bakina ya mutu.

Gidan kuwa ba irin wanda muke zato ba ne. Kowa da ɗakinsa, ga ɓangaren masu jinya da nas-nas dare da rana, ga ɗan coci a ciki inda suke yin Mas kullum da safe, wanda ba ya iya tsayuwa daga kan keken guragu yake bi. Ranar Lahadi ƙanwar ta zo da 'ya'yanta da jikoki su ɗauke shi a je a ci abinci a dawo da shi kafin duhu, kuma duhun can a watan Disamba ƙarfe huɗu da rabi ya yi, sanyi kuwa hunturun Jos wasan yara ne.

Amma abin da ya tsaya min a rai, wanda shi ne ma dalilin tsayuwata a nan, shine Fada ya koma gida ya tarar shi baƙo ne. Ya ce min ɗana, ƙasar da na bari da sule da fam ake ciniki, na dawo na tarar da yuro, abokan wasana rabi suna maƙabarta, cocin da a da sai ka yi sammako kake samun wurin zama yanzu furfura ce kawai a ciki jefi-jefi. Jikokin ƙanwarsa suna sonsa, wallahi suna sonsa, suna kawo masa safa da biskit, amma in ya fara labarin yadda ruwa ya cinye gada ya kwana a gidan mai unguwa aka ba shi tuwon dawa da miyar kuka, sai su yi murmushi su duba waya, ba rashin kunya ba ne, ba su da inda za su ajiye labarin ne a kansu. Ya ce a sati na farko ya fita bakin titi yana gaida duk wanda ya wuce, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, har wata mata ta tsaya ta tambaye shi ko ya ɓata ne a mai da shi gida. (dariya) Kuna dariya, ni da ya faɗa min sai da na juya kai.

Kun san me ya riƙe shi? Teburin cin abinci. Domin gidan cike yake da irinsa, wannan ya yi Kafanchan, wancan Kontagora, wani Ondo, wani Laberiya, wani Zambiya. Ina shiga wani tsoho da ko haƙori bai cika ba ya ɗago kai ya ce min sannu da zuwa, yaya hanya, yaya mutanen gida, da Hausa garau irin ta da, wadda ba a sirka ta da Turanci, irin wadda ni kaina na bari. 'Yan Arewan suna da kusurwarsu, in ba sa so nas ta ji gulmar da suke yi kan abinci sai su juya harshe zuwa Hausa. Dangi na jini suna zuwa Lahadi, waɗannan kuwa su ne suka san wane ne shi daga Litinin zuwa Asabar, kuma a ganina wanda ya tsara abin ya yi hankali da ya haɗa masa biyun, da an kai shi ɗakin ƙanwarsa shi kaɗai da kaɗaici ya riga ciwon ƙafa gamawa da shi.

Wani abin mamaki kuma, yanzu limamai 'yan Najeriya ne ke riƙe da wasu coci-coci a Ailan saboda samarinsu sun daina shiga aikin, har jakadan Paparoma a ƙasar daga 2017 zuwa 2022 ɗan Najeriya ne, Archbishop Jude Okolo. Fada ya ce in ya ga haka sai ya tuna manomin da ya ba da rancen iri.

Na tambaye shi, Fada ba ka so a ce a wajenmu aka binne ka ba? Ya yi shiru ya daɗe. Ya ce ya so, ya ma roƙa, amma ya ga in ya zauna zai zama kaya a kan mutanen da su ma da kyar suke sayen maganin iyayensu. Ya ce akwai maƙabartarsu a Wilton, nan cikin Cork, yakan je jana'iza ya ga layi yana matsowa, ya ce ba ya tsoro, sanyin ƙasar ne dai yake tunani. Har yanzu da barkwancinsa.

Nan ne nake so mu taɓa kanmu kaɗan, mu da muke bugun ƙirji muna cewa mu ba ma yar da tsoho. Limamanmu 'yan ƙasa da suka gaji waɗannan Turawa su ma sun fara tsufa, su ma ba ɗa ba jika. Katikis ɗin da ya yi shekara arba'in yana fassara wa Fada wa'azi fa, wa ya san inda yake kwana? Malaman firamarenmu da ke bin layin fansho? Kai har malamin allo da almajiransa suka watse. Mukan ce ai akwai dangi, alhali dangin suna Abuja suna Legas, sai kuɗin waya in an tuna. Ni ban ce a gina gidan tsofaffi a kowace unguwa ba, wannan shawara ce ta manya, ga su nan a gaba.

Lokaci ya tafi, shugaba yana ta nuna min agogo. Saƙon Fada biyu ne. Na ɗaya yana gaida kowa da kowa, kuma ya ce a duba masa ko mangwaron da ya dasa a bayan aji shida yana nan ko an sare. Na biyu, ya ce yajin da na kai masa ya kusa ƙarewa don mutanen kusurwar nan sun gano inda yake ɓoyewa, saboda haka duk mai ɗa ko 'ya da zai tafi karatu can Ailan ya ganni bayan an tashi, akwai ƙulli a motata.