Kafin a sauke giyabos

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena direbobi, da ƙannenmu masu koyon tuƙi, barkanmu da war haka. Na baya kuna jina? To madalla.

An ce in yi magana a kan kulochi da giya. Ba gyara zan koya muku ba, wannan ku bar mana abincinmu. Abin da nake so shi ne mutum ya gane ciwon motarsa a ƙofar gidansa, kafin ya je gareji a ce masa sai an sauke giyabos. Sauke giyabos aikin yini ne, ga kuɗi, kuma sau da yawa laifin ba a ciki yake ba.

Ga gwajin da ya fi kowane muhimmanci, ko sifana ba ya buƙata. Motarka tana ƙin shiga giya. Kashe inji, ka taka kulochi, ka zagaya giyoyin duka har ribas. Sannan ka tayar da inji ka sake. Idan a kashe suna shiga sumul, da ka tayar suka ƙi, to giyabos ɗinka lafiya lau, kulochi ne ba ya sakin inji. Dalili? In inji na kashe babu abin da ke juyawa a ciki. In ya tashi kuma farantin kulochi bai rabu da fulawil ba, wato babban faifan ƙarfen da inji ke juyawa, sandar giya tana ta juyawa, kai kuma kana neman cusa haƙori cikin haƙori. Amma in a kashe da a kunne duk tauri ɗaya ne, duba sandunan da suka haɗa hannun giya da giyabos, musamman robobinsu. A Golf 3 waɗannan robobin suna cinyewa, kuma kuɗinsu bai kai na man da kake sha zuwa Zariya ba.

Ribas ce ke fara tona asiri. A yawancin tsofaffin motoci ba ta da zoben tagullar nan da ke daidaita gudu kafin giya ta shiga. Taka kulochi har ƙasa, ka ƙirga biyar, ka sa ribas. In har ta yi gurrr, kulochi bai saki ba.

To me ya hana shi saki? Leƙa ƙarƙashin bonet tukuna. Wasu motocin waya ce ke jan kulochi, kamar Golf 3 mai inji 1.8. Wasu kuma mai ne, kamar Hiace da Peugeot 504 ɗinmu ta Kaduna. Mai waya, duba ko ta saki ko ta fara tsinkewa. Mai kulochin mai, buɗe ɗan kofin man kulochi ka ga ko ya ragu. Man birki ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfin. Sannan ka yi famfon feda sau da yawa ka sa giya. In ta shiga bayan famfo, iska ce a layi ko robar masta, wato famfon man da feda ke turawa, ta mutu. Sa hannu a bayan fedar, in ka ji danshi, ka kama ɓarawonka.

Ciwo na biyu kishiyar wannan ne: kulochi ba ya kamawa. Kun san shi, ka cika Sharon da fasinja da buhuna, kana hawan Jos, ka ba ta wuta inji na kuka amma gudu bai ƙaru ba, ga wani ƙauri kamar birki ya ƙone. A gida, nemi fili inda babu yara a gaba. Ja hambirki sosai, sa giya ta 3, saki kulochi a hankali kana ɗan ba da wuta. Lafiyayyen kulochi zai kashe inji nan take. In ƙafarka ta bar feda inji na ci gaba da aiki, faranti ya cinye. Sau ɗaya ake wannan gwajin, don shi ma yana cin faranti. Kafin ka sayi sabo, taɓa fedar da hannu: a motar da ake daidaita wayarta ya kamata ta yi ɗan wasa, kamar santimita 1 zuwa 2, kafin ta yi nauyi. In babu wasan nan, waya ce ta ɗaure, tamkar kana tafe da ƙafa a kan kulochi. Masu ɗora ƙafa a kai cikin cunkoson Kofar Ruwa, kun ji da ku nake.

Sai ƙara. Mota na firi, inji na aiki. In ƙarar tana zuwa ne lokacin da ka taka, boris ɗin kulochi ne. In tana nan kafin ka taka, da ka taka ta ɓace, to wannan boris ɗin cikin giyabos ne.

Na'am, Alhaji? Yana tambaya, tasa a giya ta 2 kaɗai take gurzawa.

Alhaji, Allah ya ba ku haƙuri, wannan na ciki ne. Kulochi ba ya zaɓen giya. In giya ɗaya ce ke gurzawa, zobenta na tagulla ya cinye, kuma ta 2 ce ta fi shan wahala a cikin gari. Haka in giya tana fita da kanta, sai dai a fara duba robobin da inji ke zaune a kai. Amma kafin ku kawo mana, ku duba man giya. Mota ta tsaya a daidai, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kawai, a tokare ta. A fara kwance notin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa, kada a zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancewa. A yawancin motoci mai yana kaiwa bakin ramin. In notin ƙasa na da maganaɗisu, ku dube shi: laushin baƙin gari ba komai ba ne, amma in kun ga ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji, to a sauke. Kuma in littafin motar ya ce GL-4, kada mai shago ya ba ku GL-5 ya ce duk ɗaya ne, don wasunsa suna cin tagulla.

Akwai wani mai tambaya? Malam, miƙa masa abin maganar.