Darasin Sarewar Ayalan: Inda Numfashi Ke Bin Ƙafa

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanku da war haka. Yau ga sarewa a hannuna, ga faifan katako a ƙasa, kuma tare za mu yi aiki da su, domin a ƙasar Ayalan wannan busa saboda ƙafar mai rawa aka yi ta.

Ku dubi sarewar. Ta itace ce, huda shida ne na yatsu, ga kuma hudar baki a gefe, don haka a kwance ake riƙe ta zuwa dama. Baƙin icen nan mai nauyi daga gabashin Afirka ake samo shi, wajajen Tanzaniya da Mozambik. Asalinta sarewar manyan makaɗan Turai ce. A 1847 wani Bajamushe, Theobald Boehm, ya fito da sarewar ƙarfe mai maɓallai, sannu a hankali masu hali suka koma kanta, tsofaffin na itace suka faɗo kasuwar gwanjo. Daga nan suka shiga hannun manoma da leburorin yammacin Ayalan, musamman yankunan Silaigo da Litirim da Roskomon. John McKenna, mutumin Litirim, a birnin Niyok ya naɗi faifansa a shekarun 1920 da na 1930. Wanda ya saurare shi zai ji busa mai tunkuɗa, kamar ana ingiza mutum ya tashi tsaye. Matt Molloy na Roskomon kuwa santsi gare shi, amo na bin amo kamar ruwan kwari. Ni dai na McKenna ya fi shiga raina, kuma shi zan so mai koyo ya fara ji.

To, riƙo. Yatsu uku na hagu a sama, uku na dama a ƙasa. Ku toshe duka shidan da tsokar yatsa, kada ku yi da tsinin farce. Ku ɗora hudar baki a ƙarƙashin leɓe, ku hura siririyar iska ta bugi bakin hudar na can gaba, yadda yaro ke hura bakin kwalba.

[busa]

Kun ji wannan amo mai kauri? Shi ne na ƙasa duka, kuma da shi ake auna gwani. In iska kawai kuke ji, ko jiri ya ɗebe ku, ku ajiye ku huta. Yawan iska ne ke jawo haka. A matse tsakanin leɓɓa, a rage ƙarfi.

Yanzu karin kiɗa. Biyu za mu ɗauka. Akwai jig, mai tafiya uku-uku. Ku ce: Ka-tsi-na, Ka-tsi-na, ƙafa na sauka a kan kowane "Ka". Akwai ril, mai tafiya huɗu-huɗu: Za-ka-ri-ya, Za-ka-ri-ya. Yawancin waƙoƙin kashi biyu ne, kowane kashi gaɓa takwas (gaɓa a nan ita ce "Katsina" ko "Zakariya" sau biyu), a busa shi sau biyu, jimla 32. Mai rawa da wannan lissafi yake tsara takunsa, shi ya sa mai busa ba shi da ikon ƙara ko rage ko da ƙiftawa.

Ga inda nake so mu daɗe. Mai goge ba ya tsayawa shan iska, amma kai dole ka sha. A ina? Kuskuren kowane sabon hannu shi ne ya tsaya, ya ja numfashi, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ka yi haka, ka bar mai rawa da ƙafa a sama. Abin da ake yi shi ne a sadaukar da amo ɗaya, a sha iska a gurbinsa, lokaci na tafiyarsa. Ku saurara: Ka-tsi-na, Ka, shiru, na. Na jefar da "tsi", na sha iska a wurin. Amon farko ba a taɓa shi, don a kansa diddige ke sauka. Kuma kada ku riƙa sha a wuri guda kullum. Ku sauya, domin gurbin nan shi kansa ado ne, yana ɗaga waƙar.

[busa da bugun ƙafa]

Adon yatsa kuma, uku kawai yau. Toshe huda uku na hagu ka busa. Ɗaga yatsa ɗaya ka mayar da sauri kamar ka taɓa garwashi: wannan yanka ke nan. Sannan ka ɗan bugi hudar farko ta dama ka ɗauke: bugu ke nan. Haɗa amon da yanka da bugu cikin numfashi ɗaya, ka sami mirgine, wanda ya cika "Katsina" guda cif.

Mu sauko kan katako. Da yawanku kun san rawar Ayalan ta hanyar Riverdance, wadda Michael Flatley da Jean Butler suka fito da ita a Dablin a 1994, jiki a miƙe, ƙafa na tashi sama. Akwai wadda ta girme ta a yankin Konamara, ana ce mata shan-nos, wato tsohon salo. Ƙafa ba ta nisa da ƙasa, hannuwa a sake, kowa da irin takunsa. A da, da yake daɓen ƙasa ba ya amo, ƙyauren ƙofa ake cirewa a shimfiɗa wa mai rawa.

Sa takalmi mai taurin ƙasa, kuma ka guji siminti saboda gwiwa. Nauyi a ƙafar hagu, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Da gaban ƙafar dama ka shafi katako zuwa gaba, "Ka". Ka dawo da ita baya, "tsi". Ka dire ta, "na". Sai hagu ta karɓa. A hankali tukuna, har sautin ukun ya fito daidai wa daida.

Aikin gida: minti goma kullum, ka busa amo ɗaya tak a kan Katsina, kana jefar da "tsi" a kowace gaɓa ta huɗu. In kana da ɗan'uwa a gida, ya hau katakon ya taka maka. Da zarar ka ja numfashi ba a gurbinsa ba, ƙafarsa za ta faɗa maka. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki kashin farko na jig cikakke. A zo da katako.